Wushiryar Milimita Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Nafisa, ɗiyar ƙanena, ba. Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, kuma haushin wata na'ura ce da ba ta ma san ina duniya ba.

Ciwon sukari da shekaru sun kwashe mini haƙora ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba abin da ya rage sai dasashi. Ni kuwa a zamanin ƴammatancina a Damagaram da wushirya aka san ni. (Yayata, Hajiya Rabi, takan ce wai sai an haska fitila ake ganinta. Hassada ce, tun muna yara haka take.) Da biki ya matso aka ce ni, gwaggon amarya, zan yi mata nasiha gaban dangin ango, sai na ce ba da wannan bakin ba. Na tafi wata kilinik inda aka ce na'ura ke sassaƙa haƙoran roba.

Likitan, mai ladabi da shi, ya auna bakina. Da na koma ya juyo mini allon na'urar, sai ga haƙora a jere reras, ko allura ba ta shiga tsakaninsu.

"Ina wushiryata?" na ce.

"Mama, in kina da tsohon hoto ki kawo, mu auna daidai."

Hoto? Ni za a tambaya shaida a kan bakina? Na ce ya buɗe kawai, ni zan gaya masa inda zai tsaya. Ya taɓa, haƙoran gaba biyu suka ɗan rabu. Na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce ƙara dai.

"Mama, milimita huɗu ke nan fa. Bari a yi miki na gwaji tukuna, ki yi magana da su ki ji."

Na ce masa tun ba a haife shi ba nake magana, kuma biki saura kwana shida. (Nan ya kamata ya yi mini gardama. Wane irin likita ne tsohuwa za ta daka wa tsawa ya yi shiru?)

Ranar jajibiri na karɓo su. A madubi kam sun yi kyau, na yi ta murmushi ni kaɗai. Na ɗan ji iska na wucewa in na yi magana, na ce sabunta ce.

Ranar biki bayan la'asar aka taru a unguwar Kirkissoye, gidan su ango, mata cike da rumfa. Aka miƙo mini mikro. Na gyara mayafi, na saki murmushi don kowa ya gani, na ce, "Assalamu alaikum."

Fiiit!

Wani siririn fito ya tsaga lasifika. Na ɗauka mikro ne, har na harari mai kayan sauti. Na ci gaba: "Nafisa, ki so mijinki, ki san darajar surukanki." Duk inda harshena ya kusanci haƙoran nan sai fito ya fita, tsaf, kamar ina kiran tantabaru. Amarya ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi, kafaɗunta na rawa. Na ce a raina nasiha ta ratsa ta. Ashe dariya take.

Sai kakar ango, wata dattijuwa da ba ta gani sosai, ta buga sandarta a ƙasa.

"A'uzu billahi! Wane marar tarbiyya ne ke mana fito a gidan biki? Ku kore shi, kar ya tara mana aljannu!"

Daga sahun gaba Yaya Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ɗaga murya: "Inna, ki yi haƙuri, gwaggon amarya ce."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na ce "Allah ya ba da zaman lafiya," na zauna, ban sake buɗe baki ba har aka watse.

Washegari na dira kilinik a fusace. Likita ya sa ma'auni tsakanin haƙoran, ya nuna mini. "Huɗu kika ce, Mama, huɗu ta yi. Ko kaurin gashi ba ta kuskure ba."

To ai abin da ya fi ƙona mini rai ke nan! Da mutum ne ya jera su da hannu, da ya ce "to, Mama," ya rage rabi a ɓoye, ya rufa mini asiri. Na'ura ba ta da kara.

Yaya Rabi ce ta tono hotonmu na lakwal, tun muna ƴan makaranta, ta kai masa da kanta, ba wanda ya aike ta. Ya auna, aka sake sababbi. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa ƙuruciyarka ƙari, ka yi wa mutane, kar ka yi wa abin da zai yarda da kai. Yanzu ina magana lafiya lau, kuma wushiryata tana nan. Sai dai fa sai an haska fitila ake ganinta.