Ranar da Ƙusa Ya Ja Igiya

"Umma, a kwalejin nan ko cokali ba a ɗagawa sai na ba da izini!"

Abin da Ƙusa ya faɗa wa mahaifiyarsa a waya ke nan, yana kwance yana karkaɗa ƙafa, bakinsa cike da biskit ɗin Dogo, abokin ɗakinsa. Kada ka yi mamaki, ɗan'uwa. Duk mu da muka yi karatu a tsohuwar kwalejin nan haka muke. Ginin ya girmi kakannin kakanninmu, rufi na yoyo, tagogi ba sa rufuwa, amma in ka ji mu a gari sai ka rantse mu muka ɗora duwatsun. Shi dai Ƙusa ciwonsa ya fi na kowa tsanani ne kawai.

Umma ta ce, "Kai, madalla! To ranar Laraba za mu zo ni da Auta mu gani da idonmu."

Ƙusa ya ajiye waya, gumi ya karyo masa. Mutumin da ko mai gadi bai san sunansa ba! Can sai ya tuna Dogo ne ke kaɗa ƙararrawar cin abincin rana a saman hasumiya.

"Dogo, ka rufa min asiri. Ka bar min igiyar nan ranar Laraba."

"Ka iya kuwa?"

"Jan igiya har wani iyawa ne da shi?"

"To tsaya in gaya maka yadda..."

"Riƙe lakcarka, malam. Ba ni makulli kawai."

Ranar Laraba gogan ya aro baƙar rigar ɗalibai, ya zaɓi wadda ta fi tsawo don ta ja ƙasa. Ya zaunar da Umma da Auta a benci a tsakar fili, ya gyara hula. "Ku zuba ido. Da na motsa hannu za ku ga makaranta ta girgiza."

Tun a matakala ya take riga, ta yage har ƙugu, ya daki bango da gwiwa. Yana isa sama tantabaru suka tashi, suka yi masa ado a hula. Ya kama igiya ya ja, ƙararrawa ko gezau. Ya tofa yawu a hannu, ya rataya da duk nauyinsa. GAM! Ƙararrawa na komawa igiya ta yi sama da shi, yana wutsil-wutsil da ƙafa yana kiran Umma. Da ya dira sai da ya zauna ya yi haki, sannan ya sake rataya. GAM! Ya sake hutawa. A ransa yana cewa ai a hankali ma ya fi ƙasaita, irin na Dogo kamar na mai tallar ƙanƙara ne.

To ga abin da bai bari Dogo ya faɗa ba: na abinci da sauri-sauri ake kaɗawa. Ɗai-ɗai da tazara kuwa, tun da aka gina kwalejin ba a yin sa sai in Shugabanta ya rasu.

Wayyo! Masu girki suka fito da ludaya suna salati. Mai gadi ya sassauto da tuta. Malamai suka watsar da aji. Mu kuma ɗalibai muka cika fili muna matso hawaye, muna tambayar juna a ƙasa-ƙasa ko an ɗage jarrabawar gobe.

Ƙusa ya leƙo ta taga ya ga fili ba masaka tsinke. Daɗi ya kashe shi. Ya sauko yana ɗingishi, yana ɗaga wa jama'a hannu.

Sai ga tsoho ya ɓullo daga ofis, da sanda, da silifas, yana gyara tabarau. Shugaba ne da kansa. Masu girki suka zubar da ludaya suka ranta a na kare.

"Wai wa ya rasu ne ba a gaya min ba?"

Mai gadi ya ce, "Kai ne, ranka ya daɗe."

"Ni? To wa ya kashe ni?"

Kafin kowa ya buɗe baki Auta ta yi tsalle. "Yayana ne! Shi ke ba da izini!"

Shugaba ya dubi Ƙusa daga hula har yagaggiyar riga. "Sannu da aiki, yaro. Sai dai ka sani, gawa ba ta sa hannu a takardar digiri."

Ƙusa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya wajen Umma, ko za ta cece shi. Ta taso ta gyara mayafi, ta rusuna gaban Shugaba.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, amma ku ma da naku. Wa ya ce ku ba shi ƙararrawa? Mu a gida ko ƙofa ba ma bari ya ƙwanƙwasa."