Rana Ta Riga Ni

Ranar da sufeto ya zo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Konni duba aikina, na cika wa ɗalibai baki. Na ce ruwan sinadari biyu ne a kwalbata, ɗaya bisa ɗaya, ba sa haɗuwa sai na ɗumama su, su yi fari kamar nono, sannan su zama guda.

Na manta bazara ce, rufin ajinmu kuma kwano. Da na zaro kwalbar, sai ga ruwa guda garau. Zafi ya riga ya gama aikin.

Sufeto ya ce, "Mushe," haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu, "ina na biyun?"

Ƙarin girma ya wuce ni ke nan. Har yau mai shayin tasha, tsohon ɗalibina, yakan tambaye ni, "Mushe, in juya madarar, ko mu jira rana?"