Ranar da Na Kai Ordinatar Ɗakin Hatsi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baba Ari ya zo daga Tirmini karo na biyu ba, kuma ko na so mantawa 'yan gidanmu ba za su bar ni ba.

Baba Ari wan mahaifina ne, shi kaɗai ya rage da ya san asalin zuriyarmu: wa ya haifi wa, daga ina aka taso, yaya aka yi aka sauka a Zango. Ya tsufa tukuf. Ni kuwa na ƙudura a raina sai na ɗauki muryarsa na adana kafin ta Allah ta kasance. Zuwansa na farko na zaunar da shi gaban mikoro, abin ɗaukar murya, ya yi ta bayani. Da muka zo saurare, ba abin da ake ji sai gurnanin ordinatar ɗina, wato kwamfuta (tsohuwa ce, in fankarta ta tashi sai ka rantse injin niƙa ne). Muryar tsoho tana can ƙasa kamar daga rijiya yake magana.

"Wannan abin naka ya fi ni surutu," in ji Baba. "Zan dawo sau ɗaya. Ɗaya fa."

Na ce to, ni da injin nan mu zuba, shege ka fasa. Dabarata ita ce in bar ekaran, wato allon kallo, da mikoro a ɗakina, in kai akwatin injin mai ƙarar ɗakin da ke bayan bango, in haɗa su da dogayen wayoyi. Ɗakin bayan kuwa na hatsin Inna ne, mahaifiyata.

Na hau kabu-kabu sai kasuwa, wurin wani Bakano mai kayan wuta. Da na faɗi tsawon da nake so, ya dube ni ya ce, "Malam, gida za ka ja wa waya ko unguwa?" Na dawo na kama huda bango da ƙarfe. Hudar farko ta ɓulla bayan buhun gero, ta biyu ta ci karo da dutse, sai ta uku ta yi. Na zura waya, ta gaza da taƙi ɗaya. Na koma kasuwa ina gumi, na ce ko sau goma ne sai na ga bayan ƙarar nan. Kwana uku ina fama. Da na kunna, ɗakina ya yi tsit. Inna kuwa ban ce mata uffan ba (a raina na ce me tsohuwa ta sani a harkar inji, Allah Ya yafe mini).

Lokacin sanyi ne. Da hantsi Baba ya iso, ni kuma da rawar kai na gayyato dangi suka cika ɗaki. Na kunna, na dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai wanda ya ji wata ƙara?"

Suka ce babu. Na ce, "To aikin ilimi ke nan."

Baba ya yi bisimilla ya fara. Wajen awa biyu yana jero kakanni, ni kuma idona na kan ekaran, ina kallon zanen murya yana hawa yana sauka, ina gyaɗa kai kamar mai fahimta. Ban danna ajiya ko sau ɗaya ba, don kada in katse shi. Yana cikin labarin yadda aka haƙa rijiyar gidanmu, sai ekaran ya yi baƙi ƙirin.

Na duba fitila, kuran na nan, ba a ɗauke wuta ba. Na zaga ta tsakar gida da gudu na faɗa ɗakin hatsi. Ga akwatina an lulluɓe shi da barguna biyu, a kansa ƙatuwar ƙwaryar kullun masa. Kullu ya tashi ya tumbatsa, yana gangarawa cikin ramukan da iska ke fita.

"Inna, me zan gani haka?"

"Abu na tarar yana ta hucin ɗumi a banza," ta ce, ko a jikinta, "ga sanyi ya hana kullu tashi. Masar baƙinka ce fa. Kuma ai da na rufe shi ya rage kuka."

Na koma ɗaki, na faɗa wa Baba cewa inji ya yi zafi ya mutu, duk abin da aka ɗauka ya ɓace. Ya ce, "Ba laifi. Inji bai riƙe ba, amma kai ai kana zaune. Wa ya haifi kakanka?"

Na buɗe baki. "Malam... Malam..." Wallahi ko harafi babu a kaina. Ana cikin wannan shiru, sai ga muryar Inna ta ɓullo ta hudar da na yi da hannuna: "Mamman Kiyari, ɗan Ari Mai Raƙuma."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Baba ne kaɗai bai yi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, don na ga ransa ya sosu. Ya jawo sandarsa ya miƙe.

"Na ce sau ɗaya, na cika. In da gaske kake, Tirmini ba ta gudu ba. Ka zo da kunnenka, ka bar injin a gida."

Na je. Duk Juma'a bayan masallaci ina bisa hanya, in zauna gabansa a tabarma, in na yi kuskure ya sa in koma farko. Yanzu ko daga barci aka tashe ni zan jero kakanni tara ba gargada.

Abin da na koya shi ne, kafin ka huda bangon mutum ka gaya masa abin da za ka zura. Masar ranar kuwa kowa ya ce bai taɓa cin mai laushinta ba. Har yau, da sanyi ya kama, sai Inna ta leƙo ta tambaye ni yaushe zan gyara injin.