Malamin da Ya Sa a Ƙirga Awaki

Ba na jin akwai ranar da zan manta da safiyar da na tara iyayen yara a firamaren unguwarmu a Bodinga don in tona asirin wani malami, aka tashi taro da nawa asirin a bakin mutane.

Abin ya faro ne wata Laraba da yamma. Na dawo daga wurin aiki a Sakkwato, na tarar da 'yata Hafsatu, 'yar aji huɗu, a bayan gida tana nuna awaki da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye ta me take yi. Ta ce Malam Nasiru ne ya ce kowa ya ƙirgo dabbobin gidansu.

A wajenmu ba a tambayar mutum yawan dabbobinsa. Ko ɗan'uwanka ka tambaya, zai ce "akwai 'yan kaɗan, alhamdu lillahi," ya sako wata maganar. Balle a wannan zamani da kowa ya san ɓarayin dabbobi ba sa shiga gari sai an ba su labarin abin da ke ciki. Ban ƙara yi wa yarinyar ko tambaya ɗaya ba (daga nan na fara ɓata hanya), na shiga ɗaki ina jinjina kai kamar wanda ya gano wani babban sirri.

Malam Nasiru baƙo ne a wurinmu. Daga Shagari aka turo shi a farkon zangon, kullum a kan babur yake zuwa ya koma. Na sa masa ido. Na lura idan an fita hutun tara yakan hau tudun bayan makaranta shi kaɗai yana waya, yana waige-waige. Ba ya zama majalisar kowa. Ranar kasuwa kuma na hango shi a kara, wurin sayar da dabbobi, yana zagaya raguna, yana shafa bayansu, bai taya ko ɗaya ba. A raina na ce magana ta fito.

Matata ta so ta cece ni. "Malam, wai ka tambayi yarinyar ga mi anka koya musu?" Na ce mata harkar tsaro ba ta mata ba ce.

Da na kai zancen majalisa, sai Alhaji Bello mai albasa ya dafe ƙirji. "Ni ma yarona ya tambaye ni buhu nawa munka ɗebo bana!" Wani ya ce an ƙirga masa kaji. Ni kuwa na gyara zama na ce, "Mu da muke da dabbobi a gida ai mu ne a gaba wajen shiga haɗari." Na faɗi kalmar "dabbobi" da irin muryar da za ka ɗauka sai da makiyayi biyu ake kora su (ba wanda ke shiga bayan gidana, don haka ba mai ƙaryata ni). Kafin Juma'ar mako na gaba, iyaye biyu sun hana 'ya'yansu zuwa makaranta, kuma an fara kiran malamin da sunan da kan raba mutum da aikinsa, wani lokaci har da lafiyarsa: infoma.

Ranar Litinin, bayan na matsa masa, hedimasta ya sa aka jera bencina a inuwar dogon yaro. Mai unguwa ya zo, iyaye sun cika. Ni na fara magana, kuma gaskiya na tsara ta. Na kawo batun awaki, na kawo tudu da waya, na rufe da raguna. Na ce ba zargin kowa nake yi ba, tambaya kawai nake yi (duk wanda ya faɗi haka, zargi yake yi).

Malam Nasiru ya miƙe. Ya gaida mai unguwa, sannan ya ce darasin lissafi ne, na kai lamba zuwa goma mafi kusa. Arba'in da bakwai ta fi kusa da hamsin, sai a ce hamsin. Talatin da biyu a ce talatin. Idan lambar ƙarshe ta kai biyar a haura sama, idan ba ta kai ba a sauko. Ya ce so yake yaro ya iya kallon tsibin albasa ya kimanta buhunan da za a nema, ko yarinya ta san kwanon shinkafa nawa zai ishi baƙi. Ya ce ya gaya musu su ƙirga duk abin da suka samu, dabbobi ko tukwane ko takalman ƙofar masallaci, kuma kada kowa ya faɗi ainihin adadin, a kawo na kusa kawai.

"To tudun hwa?" in ji Alhaji Bello.

"Alhaji, nan kaɗai waya ka kamawa. Mahaihiyata ba ta da lahiya a Shagari."

"Ragunan?"

Ya sunkuyar da kai. "Iyalina ta kusa sauka. Kuɗin ragon suna nika dubawa."

Mai hankali a nan zai nemi gafara ya zauna. Ni sai na ga idan na zauna yanzu na faɗi ƙasa warwas. Na ce ko na kusa ne ai ya ishi ɓarawo, domin wanda ya ji "hamsin" ya san inda zai dosa. Na ɗaga murya na ce a kira 'yata ta faɗi da bakinta abin da ta gaya masa game da dabbobina, kowa ya ji irin bayanin da ake fitarwa daga gidajen mutane.

Aka kira Hafsatu. Ta zo tana gyara hijabi, ta durƙusa ta gaida manya. Na ce, "Kada ki ji tsoron kowa. Nawa kika ce masa muna da su?"

"Sifili, Baba."

Na ce ta sake faɗa.

"Sifili. Ai huɗu na, ba su kai biyar ba, sai a sauko." Ta ɗan yi tunani, don ita yarinya ce mai son cika magana. "Kuma ukku daga ciki na Inna na."

Mai unguwa ne ya fara, ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa na motsi. Daga nan kowa ya saki. Alhaji Bello har da buga benci. "Haba malam! Ashe garken da munka hana idonmu barci saboda shi akuya guda ta? Kai ai ko ɓarawo ya shigo sadaka zai bar maka!" Hedimasta ya yi ta tari na ƙarya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Malam Nasiru. Ya ce wa Hafsatu amsarta daidai ce, ta koma aji.

Wannan rashin dariyar tasa ta fi komai yi mini ciwo, domin ta tuna mini cewa ni kunya kawai na sha, shi kuwa sunansa na jefa cikin wuta. Ashe maganar har ta kai Shagari, ta kai kunnen mahaifiyar tasa, ya kuma fara neman a canza masa makaranta. Sai da na bi majalisu ɗaya bayan ɗaya na janye zancena da irin muryar da na yaɗa shi, sannan na hau mota na je har gidansu na durƙusa gaban tsohuwar. Ta dube ni ta ce, "Kai na mai akuyar?" Na ce ni ne. Ta ce ta yafe. Bai bar makarantar ba.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya tara gari a kan abin da ake koya wa ɗansa, ya fara zama ya tambayi ɗan, ko don ya san amsar da za a bayar a gaban jama'a. Na kuma sayi akuya ta biyar. Hafsatu ta tabbatar mini yanzu goma gare mu.