Rasuwar Baturiya, Faifan Ajiyar Abdulhadi Mai Bidiyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Abdulhadi mai ɗaukar bidiyo na bakin tashar Gazawa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar faifan kwamfutar da yake ajiye bidiyo a ciki, Baturiya, wadda ta cika a hannunsa bayan gajeruwar jinya.

Ya sa mata wannan suna ne don fara ce tas, kuma ba ta son zafi. Ranar da rana ta ƙwalle, Abdulhadi yakan juya mata fanka, shi ya zauna yana tsiyayar gumi. Marigayiya mai riƙon amana ce. Bikin aure, suna, saukar karatu, kokowar bayan girbi, duk abin da aka ba ta ajiya tun daga Cadawa har Gidan Rumji, ta riƙe. In tana aiki ba ka jin komai sai wani ɗan gurnani, "ʼurrr", kamar mage ta ƙoshi. An ɗauke mata kuran, wato wutar lantarki, tana tsakiyar aiki ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga sabuwar kwamfuta. Abdulhadi ya sayo ta da murna, sai tsohuwar manhajar da yake gyaran bidiyo da ita ta ƙi zama a ciki. Aka kira Munir mai gyara. Munir ya gina wata kwamfuta marar jiki a cikin cikin sabuwar, wadda sai dai ka gan ta a allo, ya zaunar da manhajar a can. Sannan ya ɗauki Baturiya ya damƙa wa wannan baƙuwar kai tsaye.

Abin da ba a gaya wa baƙuwar ba shi ne Baturiya ƙaramin maƙogwaro gare ta. Akwai iyakar lomar da take iya haɗiyewa a lokaci guda. Ƙananan hotuna suka wuce lafiya, kowa ya yi hamdala. Da aka zo kan babban bidiyo, baƙuwa ta dunƙulo loma ta tura mata gaba ɗaya. Baturiya ta shaƙe. Abdulhadi ya zare waya ya mayar, ya sake zarewa ya mayar. Daga nan ya yi abin da kowane uba zai yi wa ɗan da ya shaƙe: ya bubbuga mata baya. Iyalai suna so a sani cewa bugun na ƙauna ne. Kalamanta na ƙarshe su ne "ƙit, ƙit, ƙit".

Munir ya ce da an saita girman lomar tun farko da ba a kai nan ba, ya kuma ce bugun ne ya ƙarasa ta. Abdulhadi ya karɓi rabin farko na wannan bayani.

Ta rasu ta bar wayarta guda, da jakar fatar da aka ɗinka mata, da amarya Ummukulsum da ba ta kai ga ganin bidiyon bikinta ba. Ta kuma bar Dogo, ɗan kokowar Gazawa, wanda ya fi kowa maraici. A cikinta kaɗai ake da bidiyon ranar da ya ɗaga Inusa na Cadawa ya shimfiɗe shi a ƙasa. Inusa ya daɗe yana cewa tuntuɓe ya yi, Dogo kuwa yakan kwaso mutane zuwa shago a kunna musu su gani da idonsu.

Inusa ne ya fara zuwa gaisuwa. Ya hau kabu-kabu tun daga Cadawa, da goro a aljihu. Ya riƙe hannun Abdulhadi ya daɗe bai saki ba, ya tambaya ko da gaske babu sauran dabara, aka ce babu. Ya sake tambaya, ya ce yana so zuciyarsa ta kwanta ne.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa bayan la'asar, a bayan shago, gindin itacen dogon yaro. Munir zai kwance kusoshinta, Dogo zai ɗauki gawa in ya iya tsayuwa. Mata za su zauna a rumfar mai shayi. Ana roƙon masu zuwa neman bidiyonsu su fara yin gaisuwa tukuna. Malam Inusa ya yi alkawarin haƙa ramin da kansa, har da buhun siminti na rufewa. Iyalai sun gode, amma Dogo ya ce a bar ramin a buɗe, akwai wani mai gyara a Maradi da ba a gwada ba.