Ranar da Aka Liƙe Alhaji Tanimu a Mota

Samarin garinmu ba sa rasa fitinar da za su ƙirƙiro. Da suka gaji da kallon karon raguna, sai suka koma karon motoci. A samo akwalar mota, a cire gilasanta, a ɗaure ta da ƙarafa ciki da waje, a shiga filin bayan kasuwar shanu a yi ta gwabzawa har a bar guda ɗaya tana motsi, mai ita shi ya ci. Haukan yara ne, kowa ya sani. Amma sai ga Alhaji Tanimu mai siminti, da furfurarsa da tumbinsa, ya rantse sai ya shiga, don kawai wani ɗan tasha ya ce masa a wurin kallo, "Baba, matsa baya, kada jininka ya hau."

Shi Alhaji Tanimu mutum ne da bai yarda da ma'aikaci ba. Ko tela zai yi masa wando, a kansa yake tsayawa yana lissafin ƙyalle. Ga shi kuma da auri-saki, matan da ya saka a garin nan sun isa su yi adashi su kaɗai. Wannan hali ne ya kusa jawo wa ɗansa Nafi'u asarar yarinyar da yake mutuwar so, domin baffanta, Malam Barau, dattijon da ba a cika ganin haƙoransa ba, cewa ya yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ƙyar da jiɓin goshi aka shawo kansa, bisa sharaɗi guda: ranar ɗaurin aure uban yaron ya zo da kansa ya yi alkawari gaban jama'a. Bai yarda da wakili ba. In aka tashi ba a ga Tanimu ba, to kowa ya kama gabansa.

Ranar ta faɗo Asabar, karon motoci kuma washegari. Da hantsi Alhaji ya ci ado da farar shadda, ya ce bari ya ɗan leƙa garejin Hambali mai walda ya ga inda aka kwana a aikin motar da zai shiga karon da ita. Hambali taubashinsa ne, abokin wasa, shi ya sa bakinsa ba ya shakkar Alhaji. Ya riga ya yi wa motar aiki na gani na faɗa: ya ninka shasinta da ƙarfe, ya sa bamba mai kaurin taɓarya gaba da baya, ya cire salansa mai rage ƙarar inji. Abin da ya rage a liƙe ƙofofi, don kada su buɗe in an yi karo. Direban irin wannan mota ta taga yake shiga, ta taga yake fita.

Alhaji ya zagaya motar yana yatsina, ya buɗe ƙofa ya shige ya zauna.

"Daga ciki ake gane ha'incin mai walda," in ji shi. "Waje kuke gyarawa, ciki ku bar shi hululu. Yi aikinka ina kallo."

"Alhaji, fito, liƙe ƙofa zan yi."

"Liƙe mana! Ta taga zan fita kamar yadda yaran nan suke yi."

Hambali ya dubi taga, ya dubi tumbin Alhaji, ya ce, "Yaran nan fa ba su san daɗin tuwon shinkafa ba tukuna."

"Kai dai malalaci ne. Kuma wannan siririn rodin da ka sa, na gadon jarirai ne? Ɗauko wancan bututun mai kauri ka gitta a kowace taga, da inda gilashin gaba yake. Ba na son ko tsinke ya shigo mini."

To, mai kaya ya yi magana. Hambali ya ja tabarau ya rufe ido, ya kama aiki. Tartsatsi na tashi, Alhaji na kakkaɓe shadda yana nuni da yatsa: "Ƙara nan! Ninka can! Ai na faɗa, in ba a tsaya a kanku ba ba kwa aiki." Sai da aka liƙe ƙofa huɗu tam, aka gitta bututu ko'ina, sannan ya yi gyatsar gamsuwa ya ce yau ya ga aiki.

Ya zuro kai ta taga, kai ya wuce. Kafaɗa ta ɗan yi gardama, ita ma ta wuce. Da aka zo kan tumbi, sai tumbi ya ce shi a nan zai kwana. Aka ja shi ta waje, aka murza masa baƙin mai, babu labari, sai nishi da salati. Da ƙyar ma aka mayar da shi ciki.

"Yanke bututun nan!" in ji Alhaji, yana haki.

Hambali na ɗaukar injin yanka, ɗif, aka ɗauke wuta. Janaretan garejin kuwa tun bara yake jinya. Aka kawo zarto, aka goga, aka goga, haƙoran zarto suka zube, bututu ko gezau. Ai dama Alhaji da kansa ya zaɓe shi.

Sai ga kiran Nafi'u a waya. "Baba, kana ina? An hallara fa. Malam Barau ya fara neman takalmansa."

Wallahi duk rigimar Alhaji yana son yaron nan, kuma ya san in auren ya watse saboda shi, ba zai ƙara iya haɗa ido da shi ba. Ya dubi ƙofa, ya dubi sitiyari, ya ce kunyar duniya ta kwana ɗaya ce. Ya murza makulli.

Jama'a na zaune kan tabarmi a ƙofar gidan su amarya, an ajiye goro da alewa, sai aka ji ƙara kamar injin niƙa ya haukace. Awaki suka watse, liman ya dafe rawaninsa. Wata dodanniyar mota ta kunno kai, ba gilashi, ba fitila, ta zo gefen tabarma ta yi tari ta mutu. Bayanta ga Hambali a babur riƙe da guduma. A ciki kuwa ga uban ango, shadda ta zama ta bakanike, yana leƙowa ta tsakanin ƙarafa kamar zakaran da za a kai kasuwa.

Malam Barau, da takalmi ɗaya a ƙafa, ya taso a hankali ya zo bakin taga.

"Tanimu, ba za ka fito ka gaisa da mutane ba?"

"Malam, a gafarce ni, ba raini ba ne. Alkawari ne na zo cikawa. Na rantse 'yarku ba za ta wulaƙanta a gidana ba. Fitowar ce dai ta gagara."

Dattijon ya kama ƙofa ya jijjiga, ko motsi. Ya ƙwanƙwasa waldar da sandarsa, ya sunkuya ya ƙare mata kallo.

"Aikin wane ne wannan?"

"Ga ɗan banzan nan!" in ji Alhaji, yana nuna Hambali. "Mun ja, mun daka, mun sa zarto, abin da ya haɗa ya ƙi rabuwa!"

Malam Barau ya cire takalmin da ya sa, ya koma kan tabarma ya zauna, ya gyara gemu.

"Liman, ɗan gusa ka ba mai waldar nan wuri. Auren gidan Tanimu shi ya kamata ya ɗaura."