Rasuwar Ginshiƙin Gidan Mak Sepiah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake hawaye sun ƙi zuwa, Mak Sepiah binti Lazim tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ginshiƙin tsakiya na gidanta, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, a tsaye, kamar yadda ya rayu.

Marigayin itacen cengal ne, mai tauri da daɗewa. Shi aka fara tsayarwa shekarar aurenta, mijinta Pak Deraman, Allah ya jiƙansa, ya ɗora masa ƙyalle uku a ka, fari da ja da baƙi. Ba a binne ƙafarsa ba, a kan dutse aka zaunar da shi, yadda ake yi wa duk ginshiƙi mai mutunci. Ya ɗaga gidan sama, iska tana bi ta ƙarƙashi inda kaji ke kwana, tana hawowa ta tsakanin katakan daɓe, Mak Sepiah ba ta taɓa neman fanka ba. Ambaliya takan wanke masa ƙafa ta wuce, ya bushe. Da kogi ya matso, mutanen gari suka ɗauki gidan ɗungurungum a kafaɗa zuwa bakin gonar shinkafa, bai ce uffan ba. Maganarsa duka-duka ɗaya ce, "ƙiii," idan wani ya hau tsani, Mak Sepiah kuma ta san ko wane ne.

Ciwon ajalinsa, alheri ne ya jawo shi. Ɗanta Shahrul ya samu aiki a birni, ya dawo da siminti. "Mak, kin gama kwana a saman kaji," in ji shi. "Bari in yi miki gida na gaske." Ya zuba wa marigayin siminti har gwiwa, ya zagaye ƙasan gidan da bulo. Ta buɗe baki za ta hana, sai ta ga yadda yake murna, ta rufe. Iska ta daina zuwa. Ƙafa ta jiƙe ba ta sake bushewa ba, gara ta samu wurin zama. Ranar Talata kafinta ya ƙwanƙwasa shi, ya amsa kamar ganga.

Ya bar rufi mai jiran faɗuwa, da ƙannensa ginshiƙai waɗanda kafinta ya ce ba za su ga ƙarshen damina ba, da tsohuwa guda da za ta koma benen Shahrul a birni, inda taga ba ta buɗuwa sai rabi. Ta riga ta haɗa kayanta. Ta ce ba ta jin komai.

Za a sauke shi ranar Asabar bayan La'asar. Ba sai an zo da yawa ba, mutum biyu ma za su iya ɗaukarsa yanzu. Za a sha shayi a gindin mangwaro. Mak Sepiah tana roƙon masu ta'aziyya abu ɗaya: kada kowa ya ambaci siminti a gaban Shahrul. Ta gaya masa tsufa ne.